Mitar da Ke Jin Kuɗi, Ba Ta Jin Ƙishi

Akwai wata 'yar rediyo da ba ta fi akwatin ashana girma ba. Ba ta kiɗa, ba ta karanta labarai. Aikinta kawai ta farka sau 'yan kaɗan a yini, ta aika lamba biyu ko uku zuwa wata eriya mai nisan kilomitoci, ta koma barci. Batir ɗaya kan riƙe ta shekaru. Ba ta buƙatar waya, ba ta buƙatar turken lantarki, ba ta buƙatar a haƙa mata rami. Duk wanda ya san Zongo ta Wagadugu, ya san lungunanta masu karkacewa da katangun laka da rufin kwano, zai ce don mu aka ƙera wannan abu. To amma ku je ku saurari yadda ake tallarta a tarurrukan manyan otal-otal na tsakiyar gari. Abu biyu za ku ji. Na farko, yadda maigida a unguwar masu kuɗi ta Waga 2000 zai kunna fitilar falonsa yana zaune a ofis. Na biyu, yadda za a rufe wa talaka famfo daga nesa da zarar kuɗinsa ya ƙare. A cikin wannan lissafi duka, mu 'yan Zongo ba mu da gurbi sai na waɗanda za a rufe wa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kuma a fusace na ɗauka.

Bari in fayyace abin tukuna, don kada wani mai taye ya ce jahilci ne ke sa mu surutu. Waɗannan rediyoyi masu tsimin wuta kashi biyu ne. Akwai na cikin gida, irin su Zigbee da Z-Wave da Thread, waɗanda muryarsu ba ta wuce 'yan gomman mitoci, sai dai wata na'ura ta miƙa wa wata saƙo har ya isa inda za shi. Akwai kuma masu cin dogon zango, irin su LoRa da Sigfox da NB-IoT. Ita LoRa wani ƙaramin kamfani ne a garin Grenoble na Faransa, Cycleo, ya ƙirƙiro ta, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012, sannan a 2015 aka kafa ƙungiyar da ke kula da ƙa'idarta, wato LoRaWAN. A Turai da ƙasashen Afirka da dama tana aiki ne a wajejen megahaz 868, ƙasa sosai da 2,400 na Wi-Fi da Zigbee, shi ya sa ta fi su ratsa bango. A cikin gari takan kai kilomita 2 zuwa 5, a fili kuwa ta wuce 10. Eriya ɗaya a kan tankin ruwa ko hasumiyar masallaci za ta saurari ɗaruruwan na'urori, har dubbai. Sirrin daɗewar batirin shi ne ƙarancin magana. A tsarin Sigfox saƙo ba ya wuce bayit 12, kuma sau 140 kawai a yini. Ba za ka aika hoto da shi ba, balle murya. Amma a ce ruwa ya ɗauke da ƙarfe huɗu, ko taransifoma ta yi zafi, ko kwalbati ya cika, duk wannan zai shiga bayit 12 har a yi saura.

Yanzu ku dubi unguwarmu. Shekaru da shekaru amsa ɗaya ake ba mazauna nonloti, wato unguwannin da ba a yanka ba, idan suka nemi wani abu: ba a yanka filayenku ba, babu titi miƙaƙƙe, ba za a binne waya ko a kafa turke a inda gobe katafila za ta iya bi ba. Mun ji wannan amsa har mun haddace ta. A 2009 ne aka fara karya ta, lokacin da hukumar ruwa ta ƙasa, ONEA, ta amince ta kai ruwa unguwanni biyar da ba a yanka ba: Bissighin, Bogodogo, Nioko 2, Toukin da Zongo. Ta kafa babbar mita a bakin kowace unguwa, ta sayar wa ƙananan 'yan kasuwa ruwan a dunƙule, su kuma suka shimfiɗa bututun roba mai lanƙwasa da ke bin lungu yadda lungun ya ga dama. Wannan aiki ne na kirki, ba zan ɓoye ba, kuma mutane daga wasu ƙasashe sun zo sun koya. Ya nuna cewa rashin taswira ba ya hana a yi wa mutane hidima idan an so. To rediyon da nake magana ya fi bututun roba sauƙi nesa ba kusa ba. Ko tono ba ya so. Idan katafila ta zo, ka kwance shi da sukurdireba ka sa aljihu. Duk wata hujja ta cewa ba a san abin da ke faruwa a cikin nonloti ba saboda babu waya, ta mutu. Abin da ya rage shi ne ba a so a sani.

Ruwan da Wagadugu ke sha, mafi yawansa daga dam ɗin Ziga yake zuwa, a kan kogin Nakambe, kimanin kilomita 50 ta gabashin gari. Mu kuma muna yamma, ta wajen hanyar Bobo, kusa da Pissy da Zagtouli. Kafin ɗigo ya iso mana sai ya ratsa birnin duka, kowa ya ɗiba. A bazarar 2016 abin ya kai har aka riƙa raba wa gari ruwa kashi-kashi, wannan ɓangare ya samu, wancan ya jira. An faɗaɗa aikin Ziga bayan nan, amma birnin ma bai daina faɗaɗa ba. Ku zo bakin famfon unguwa a watan Afrilu da ƙarfe uku na dare. Jarkoki rawaya a jere sun kai kwana, kowace an ɗaura mata tsumma ko igiya don mai ita ta gane ta. Mata na zaune a kan kurar ruwa suna gyangyaɗi, yarinyar da za ta shiga aji da safe ta kifa kai a gwiwa. Mai famfo ya murɗa kai, ya kara kunne, sai huci. Gangar da farashinta a bakin famfo ya daɗe a kan dala 12, wato sefa 60, idan ɗan garuwa ya kai maka ita ƙofar gida a irin wannan lokaci za ka biya ninkin ba ninki, wani lokaci har ta taɓa jaka guda. Ban ga laifinsa ba, shi ma a layin ya kwana.

Tambayata ita ce: wa ke rubuta wannan dare? A wane littafi aka ajiye cewa famfo kaza a Zongo ya yi awa goma sha ɗaya babu ɗigo? Babu. Idan ka kai kuka, kalmarka ce kawai, kuma kalmar mutumin nonloti ba ta da nauyi a kan tebur. 'Yar na'urar auna ƙarfin ruwa a bututu, haɗe da rediyon LoRa da batir, za ta rubuta wannan dare minti-minti, ba ta gajiya, ba ta tsoron kowa. Kuɗinta bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Ita ce shaidar da muka rasa. Kuma ita ce ba a taɓa tallata mana ba.

Abin da ake tallatawa shi ne mitar biya-kafin-ka-sha. Maƙwabtanmu na Yamai sun riga mu gani. Wani kamfanin Faransa, CityTaps, ya haɗa kai da SEEN, mai raba ruwa a biranen Nijar a lokacin, suka fara gwada mitar ruwa mai bawul da rediyon LoRa a wajejen 2016. Kana tura kuɗi ta wayarka, ko kaɗan ne, saƙo ya bi iska ya sami mitarka, ruwa ya zo. Kuɗi ya ƙare, bawul ya rufe. Ni ban ce wannan ba shi da amfani ba. Mai sayar da ƙosai da ke samun kuɗinta kullum da safe ta fi iya biyan dala ashirin yau da gobe a kan takardar wata da za ta faɗo mata gaba ɗaya. Gidan da aka cire wa mita saboda bashi zai iya dawowa kan layi, ya huta da tsadar garuwa. Mun saba da irin wannan a wutar kash-pawa ta SONABEL, kuma mutane da yawa sun fi son ta. Fushina yana wani wuri ne. Na'urar tana da baki biyu, ɗaya na karɓar umarni, ɗaya na kai rahoto, amma rahoton da ake so ta kai ɗaya ne tak: nawa ya rage a asusun wannan gida, kuma ya taɓa mitar ko bai taɓa ba. Kowace sa'a tana iya faɗin ko akwai ruwa a bututu. Ba a tambayarta, ko kuma ana tambaya ana ɓoye amsar a kwamfutar da mu ba za mu taɓa gani ba.

Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo, kuma sai wanda ya leƙa cikin na'urar zai gane shi. Rufewa ba ta buƙatar kowa. Mitar na ƙirga lita da kanta, tana zare kuɗi da kanta, idan ya kai sifiri ta ja bawul, ko da eriya ta faɗi, ko da duniya ta tsaya. Buɗewa kuwa doguwar hanya ce. Kuɗinka zai tashi daga Orange Money ko Moov Money, ya isa kwamfutar kamfani, wadda mai yiwuwa ba a ƙasar nan take ba, ya dawo ta intanet zuwa eriyar unguwa, sannan ya jira mitar ta farka. Domin irin waɗannan na'urori masu batir, don tsimin wuta, ba sa saurare sai na ɗan lokaci kaɗan bayan sun yi tasu maganar. Duk inda sarƙar nan ta tsinke, kai ne za ka zauna da busasshen famfo alhali ka biya. Kada wani ya ce mini ba za ta tsinke ba. A ƙasar nan aka yanke intanet na wayar hannu ranar 20 ga Nuwamban 2021, aka yi mako guda cur har da ɗoriya, aka sake taɓa shi a Janairun 2022. Yawancin eriyoyin nan da katin waya suke shiga intanet. Tsohuwar mitar kash-pawa aƙalla tana da maɓallai: ka sayi lambobinka 20, ka danna da yatsanka, wuta ta kawo ba tare da jiran kowace eriya ba. Duk mitar ruwan da za a kawo mana ba tare da irin wannan ƙofar baya ba, wanda ya tsara ta bai taɓa kwana da ƙishi ba.

Sannan ga maganar iska. Kowa a unguwannin da ruwa ke ɗaukewa ya san ta. Idan bututu ya bushe, iska ke cika shi. Idan ruwa ya dawo, sai ya koro iskar nan ta cikin mita, farfelar ciki ta yi ta juyawa, lambobi na tafiya, ba ɗigo ko ɗaya a bokiti. A mitar wata-wata, za ka ga takarda ka yi gardama, ko ba za a saurare ka ba. A mitar biya-kafin-ka-sha, iskar za ta cinye kuɗinka tun kafin ruwan ya iso, bawul ya rufe a daidai lokacin da ruwan ya zo. Akwai mitocin da ke auna ruwa da sautin da kunne ba ya ji, waɗanda ke bambance ruwa da iska. Sun fi tsada. Idan babu wanda ya daka tsawa tun yanzu, mun san irin wadda za a zaɓar wa Zongo.

Na yi dogon zance a kan ruwa don shi ne rai, amma ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka ga ranar 1 ga Satumban 2009 ba za su manta ba. Ruwan sama fiye da milimita 260 ya zuba a kan Wagadugu cikin rabin yini, mutane wajen 150,000 suka rasa matsuguni, babban asibitin Yalgado kansa ya cika da ruwa, gidajen laka na nonloti suka narke. Yau shekaru sun wuce, har yanzu idan hadari ya haɗo cikin dare, gargaɗinmu shi ne ihun maƙwabci. Na'urar auna tsayin ruwa a ƙarƙashin gada ko a bakin kwata, mai magana da LoRa, za ta ba mutanen gangare minti ashirin ko talatin, kuma minti ashirin sun isa a ɗauki jariri da tsohuwa da takardu. Haka gobara. Babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone a 2003, sai 2009 aka sake buɗe ta, kuma tun daga nan kusan kowace shekara sai wata kasuwa ta kama, sau da yawa cikin dare, sau da yawa daga wayar wuta. A masana'antun Turai irin wannan rediyo ne ke sa ido a kan zafin inji da girgizarsa, ya yi ƙara tun kafin abu ya lalace. Me ya hana ya sa ido a kan rumfunan 'yan atamfa, ko firjin allurar rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa, ko injin rijiyar burtsatse da mata ɗari ke dogara da shi? Abu ɗaya ne ya hana. Gargaɗin ambaliya ba ya kawo kuɗin wata, rufe bawul kuwa yana kawowa.

Shi kuwa gida mai wayo, irin na mai kunna fitila daga ofis, ba zan ɓata tawada da yawa a kansa ba. Mai kuɗi ya sayi abin da ya so da kuɗinsa. Sai dai in ja kunnen 'yan'uwana 'yan kasuwa, Hausawan da ke zirga-zirgar Dubai da Guwanzu, domin ta hannunmu kayan ke shigowa. Kuna jibgo kwan fitila da makullin ƙofa da soket masu Zigbee kuna sayar wa mutane ba tare da gaya musu gaskiya ba. Gaskiyar ita ce, a wannan tsari na'urorin da ke jone da lantarki su ne ke miƙa saƙon sauran. Idan aka ɗauke wuta, masu miƙa saƙo sun mutu, akwatin da ke haɗa su da intanet ya mutu, sai a bar 'yan na'urorin batir suna ta neman wanda za su yi wa magana har batirinsu ya tsiyaye. An tsara su ne don gidan da wuta ba ta ƙiftawa. A nan kuwa, a watan Afrilu, muna ganin farantan hasken rana na tashar Zagtouli, mai megawat 33, da aka buɗe a 2017 a ƙofar gidanmu, amma gidaje da yawa a Zongo har gobe da ƙaramin faranti da batirin mota suke kwana. Zafi mai wuce digiri 40 yana rage wa kowane batir kwana, ƙurar hunturu na shiga ko'ina. Shekaru goman da aka rubuta a kwali, a ɗaki mai sanyi aka lissafa su. Sayar da abu ga wanda ka san ba zai yi masa aiki ba algus ne, ko da an rubuta sunan kamfanin Turai a jiki.

Na zo kan abin da ya fi hana ni barci, wato makulli. Kowace na'urar LoRaWAN tana da mabuɗin sirri a cikinta, wanda ba tare da shi ba babu mai iya karanta saƙonta ko ba ta umarni. Wanda ya riƙe mabuɗin shi ne mai na'urar, ko da kai ka biya kuɗinta, ko da a bangonka take. Kamfanoni kuwa mutuwa suke yi. Sigfox, wanda aka kafa kusa da Tulus ta Faransa aka yi ta yi masa kirari a duniya, ya faɗa hannun kotun masu bashi a Janairun 2022, sai wani kamfanin Singafo, UnaBiz, ya saye shi bayan wata uku. A Afrilun 2022, kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sallama, mutane suka wayi gari manhajar da ke sarrafa gidajensu ba ta amsawa. Tun a 2016 Nest, na gidan Google, ya kashe na'urar Revolv da mutane suka saya da tsada. A Faransa kanta, Bouygues ya rufe hanyarsa ta LoRaWAN a ƙarshen 2024, ya ce wa masu hulɗa da shi su koma wani tsarin. Waɗannan ƙasashe ne masu kotuna da lauyoyi da jaridu masu haƙori. Idan haka ta faru da mitoci dubu goma a bayan gari a Wagadugu, wa za mu kama? A Nijar ma, kwangilar SEEN ta ƙare, hukumar ƙasa ta karɓi ruwan birane a farkon 2024. Duk lokacin da irin wannan sauyi ya zo, tambaya ta farko ita ce: mabuɗan na'urorin suna hannun wa? Yau kowa a ƙasar nan maganar mulkin kai yake yi, a rediyo, a shataletale, a jikin riga. Na yarda da ita. Amma ƙasar da famfon talakanta ba zai buɗe ba sai wata kwamfuta a wata nahiya ta yarda, akwai sauran aiki a gabanta.

Kada kuma a ce mana ba mu da masu iyawa. Wani ɗan ƙanwata da ke karatun lantarki ya kawo mini irin wannan abu har zaure. Wani ɗan allo ne kore, da siririyar eriya kamar tsinke, da batir guda, ya cusa su cikin gwangwanin roba na man shafawa, ya huda murfin ya toshe da gam. Wani irinsa kuma ya bar shi a kan rufin wani abokinsa can wajen Pissy. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini lamba tana canzawa, zafin cikin gwangwanin ne. Mahaifiyata na gefe a kan tabarma tana jan carbi, ta ce, "Kai yaro, wannan abin naka, idan ruwa bai zo ba zai gaya musu?" Ya ce, "Zai gaya musu, Inna, in sun yarda a ɗaura shi." Ta ce, "To su wa ke hanawa?" Yaron ya yi shiru, ni ma na yi shiru, kuma tambayarta ce nake maimaitawa a nan. Irinsa suna da yawa a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, da makarantar 2iE, da ɗakunan ƙere-ƙere na matasa a cikin gari. Tsakanin 2016 da 2019 an yi wani shiri mai suna WAZIUP da ya koyar da haɗa eriyar LoRa mai araha da kayan da ake samu a kasuwa, kuma jami'ar Bobo na cikinsa. Tun kafin nan, a 2012, masu bincike na jami'ar Wagadugu da abokansu suka nuna cewa za a iya auna ruwan sama ta hanyar duba yadda yake raunana saƙo tsakanin turakun wayar Telecel, abin da ba a taɓa gwadawa a Afirka ta Yamma ba kafin nan. Ilimin yana nan. Abin da ke faruwa shi ne, idan kwangila ta zo, sai a kawo akwati a rufe ruf, a liƙe da gam, a ce duk wanda ya buɗe ya karya garanti. Yaronmu da ya iya haɗa ta daga tushe sai a ɗauke shi aikin hawa tsani da ɗaure ƙusa.

Akwai wani tsoro kuma da ba zan ɓoye ba, domin tarihinmu a garin nan ne ya haife shi. Tsofaffinmu sun zauna a Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar Wagadugu, har 2003 da shirin ZACA na sabunta tsakiyar gari ya rushe ta tare da maƙwabtanta, aka watsa dubban mutane bayan gari, filin kuma ya yi shekaru yana tsiro ciyawa. Mutanen da aka taɓa ƙirga su kafin a tashe su suna da dalilin zargin duk wani abu mai ƙirga. Mitar da ke magana kowace sa'a ta san lokacin da gida ke tashi sallar asuba, ta san ranar da baƙi suka sauka, ta san satin da aka yi tafiya aka bar gida ba kowa, ta san gidan da ya fi kowa yawan kasa biya. Wannan ba ƙaramin sani ba ne. Ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane, wadda aka sabunta a 2021, tana da hukumar da aka ɗora wa tsaronta. Ina so in ji muryar hukumar nan a kan mitoci da na'urorin gida tun kafin a ɗaura su, a faɗa a fili wa zai ga bayanan, shekara nawa za a ajiye su, kuma a haramta sayar da su ga masu gine-gine da masu ba da bashi.

Ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake yi ba. Duk kwangilar da za ta kawo mita mai rediyo unguwannin nan, a rubuta a cikinta cewa mabuɗan na'urori da kwamfutar da ke sarrafa su suna ƙasar nan, a hannun hukumar da za mu iya zuwa ƙofarta. A rubuta cewa idan hanyar sadarwa ta yanke, bawul ya tsaya a buɗe, a bi mutum bashi daga baya, kuma kada ya rufe cikin dare ko ranar da ofis ba ya aiki. A rubuta cewa a kan kowace mita ɗari da ke lissafin kuɗinmu, akwai na'urar da ke lissafin awannin da muka yi babu ruwa, kuma a liƙa sakamakon a bakin famfo kowane wata, da manyan lambobi, yadda mai jarka za ta gani. Hukumar ARCEP, mai kula da zangon rediyo, ta fito da ƙa'ida bayyananniya da za ta ba ƙungiyar unguwa ko makaranta ko kwamitin kasuwa damar kafa eriyarsu ba tare da yawon ofis-ofis ba. Eriyar da aka kafa da kuɗin jama'a kuma ta saurari kowace na'ura, har da ta cikin gwangwanin man shafawa.

Mu ma da namu. Limamai da masu unguwa da shugabannin 'yan kasuwar Zongo, kuɗin da muke tarawa a sayi lasifika ta huɗu a masallaci ɗaya ya isa a sayi eriya da ƙaramin farantin rana da na'urorin awo guda goma. Hasumiya muna da ita, ita ce mafi tsawo a unguwa. Yara masu iyawa muna da su, suna zaune a zaurukanmu ba aiki. A fara da famfuna biyar da gadar da ruwa ya fi ci, kafin damina mai zuwa, a riƙa buga lambobin a takarda duk Juma'a, a kai kofi ɗaya ofishin gundumarmu a sa musu hannu sun karɓa.